Kwadon da Ke Tsara Ƙwaƙwalwar Ɗan Tayi

Ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma asalinsu wasu iyayen ƙwayoyi ne da ke jere a gefen kogon ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Iyayen nan ba sa haihuwa barkatai. Sukan fara da ninka kansu, sannan su haifi ƙwayoyin jijiya, can daga baya su koma haihuwar astrosait, masu ciyar da na jijiyar. Duk wannan sauyi, DNA ɗinsu na nan yadda yake. To wa ke gaya musu lokaci ya yi?

Amsar na cikin epijenetik, fannin da Conrad Waddington ya raɗa wa suna a 1942. Ƙwayoyin gado tamkar ɗakunan gida ɗaya ne: duk suna nan, amma wasu an garƙama musu kwado. Kwado ɗaya shi ne ɗan sinadarin metil da ake liƙa wa DNA. Wani kuma alama ce a jikin histon, furotin ɗin da DNA ke naɗe a kansa.

A 2001 Takumi Takizawa da Kinichi Nakashima da abokan aikinsu a Japan suka nuna abin ƙuru-ƙuru a jikin ɓera. Sun ɗebo iyayen ƙwayoyi daga tayi mai kwana 11 da rabi, suka zuba musu sinadarin da ke umartar su zama astrosait. Ko gezau. Metil ya toshe bakin ƙwayar gadon GFAP ta astrosait, furotin STAT3 mai kai saƙon ya rasa wurin sauka. Da tayin ya kai kwana 14 da rabi, metil ɗin ya kau, umarnin nan dai ya yi aiki nan take. Ashe saƙo kaɗai bai isa ba, sai ƙwayar ta shirya karɓarsa.

Rufewa ma aiki ce. A 2009 ayarin Yukiko Gotoh na Jami'ar Tokyo ya gano cewa furotin ɗin Polycomb ne ke kulle Neurogenin1, ƙwayar gadon da ke sa a haifi ƙwayoyin jijiya, idan lokacin haihuwar ƙwayoyin jijiya ya ƙare. Da aka cire shi, iyayen suka zarce da haihuwar na jijiya, astrosait suka makara.

Aikin kwadon bai tsaya a cikin mahaifa ba. A ciwon Rett, wanda galibi 'ya'ya mata yake kamawa, yarinya kan taso lafiya lau har wata 6 zuwa 18, sai magana ta ɗauke, ta riƙa murza hannuwa ba ƙaƙƙautawa. A 1999 Huda Zoghbi da abokan aikinta suka gano matsalar a MECP2, ƙwayar gadon furotin mai karanta alamun metil. A 2007 kuma, ayarin Adrian Bird a Edinbara ya sake kunna ta a ɓerayen da ciwon ya riga ya kama, yawancin alamun suka ja baya.