Stellenbosch: gonakin inabi, gidajen ma'aikata da rigimar fili

Kimanin kilomita 50 gabas da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, akwai Stellenbosch, garin da aka kafa a 1679 wanda ya yi suna da noman inabin giya. Masu yawon buɗe ido na tururuwa can, amma mazauna yankin sun rabu kan abin da ya kamata tsarin gari ya sa a gaba.

Masu gonaki na son a hana gine-gine cinye ƙasar noma, domin daga gare ta kuɗi da ayyukan yi ke fitowa. Su kuwa ma'aikatan gona, babbar damuwarsu matsuguni ne. Da yawansu a gidajen masu gona suke zaune, kuma duk da dokar 1997 da ke kare su, ana ci gaba da korar iyalai. A 2018, mazauna unguwar Kayamandi mai cunkoso suka kafa bukkoki a wata gonar inabi da ke maƙwabtaka da su. Daga baya ma'aikatar magajin gari ta sayi filin.

Sai kuma ruwa. A farin 2018, an ƙayyade wa kowane mazaunin Cape Town lita 50 a rana, aka kuma rage wa manoma kasonsu sosai. Tun daga nan, duk sabuwar unguwa da za a yanka, tambayar farko ita ce daga ina ruwanta zai fito.