Chūmon: Kalmar Yin Oda a Harshen Japananci

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus na Turanci da Japananci domin neman kalmar yin odar abinci yana iya faɗawa tarko. Turanci ya haɗa umarni da odar kaya a kalma guda, alhali Japanawa sun raba su. Umarnin da hafsa kan bai wa soja shi ne meirei. Abin da mai saye kan nema daga mai sayarwa kuwa, ko kwanon shinkafa ne ko littafi, shi ne chūmon.

Ana rubuta kalmar da haruffan kanji biyu, wato 注文, waɗanda asalinsu daga ƙasar Sin ne. Suna ce, sai an ƙara mata suru, wato "yi", kafin ta zama aikatau: chūmon suru, kamar dai yadda Bahaushe kan ce "yin oda". Su ma Japanawan sun ari kalmar Turancin, suna cewa ōdā.

Wajen furuci, mai jin Hausa ya fi Bature sa'a. Layin da ke kan harafin ū alama ce ta dogon wasali, kuma tsawon wasali yana sauya ma'ana a Japananci: obasan goggo ce ko inna, obāsan kuwa kaka. Kunnen da ya saba rarrabe garin da ake zama da garin tuwo ba zai sha wahala a nan ba.

Sai kuma ladabi, wanda ya fi furuci wuyar kiyayewa. Ma'aikacin gidan abinci kan ce go-chūmon, ya liƙa ɗafin girmamawa go- saboda odar ta baƙo ce. Baƙon ba ya liƙa wa tasa odar, domin girmama kai ke nan. Yakan kira ma'aikaci da sumimasen, ya ambaci abincin, ya rufe da onegai shimasu.

Har ila yau, chūmon na nufin sharaɗin da ake gindaya wa mutum. A kan wannan harshen damo Miyazawa Kenji ya gina labarinsa na 1924, Chūmon no Ōi Ryōriten, wato gidan abinci mai yawan oda. Maharba biyu suka shiga, suna zaton yawan masu saye ake nufi. Ashe su ake gindaya wa sharuɗɗa: su ajiye bindigogi, su tuɓe, su shafa kirim. Sai da aka zo kan gishiri suka gane cewa su ne abincin.