Garkuwar da Uwa Take Ba Jaririnta

Jama'a da yawa sun lura cewa ba safai ƙyanda take kama jariri sabon haihuwa ba, ko da ta shiga gidan. Dalili kuwa shi ne, duk cutar da mace ta taɓa yi ta warke, ko aka yi mata allurar rigakafinta, jikinta yakan ƙera wani sinadari mai gane ƙwayar cutar ya yaƙe ta. Likitoci suna kiransa antibodi, watau garkuwar jiki.

Wannan garkuwa tana ratsa mabiyiya ta shiga jinin ɗan da ke ciki, galibi a cikin watanni 3 na ƙarshe. Saboda haka bakwaini yakan zo duniya da ɗan guzuri kaɗan, sai an ƙara kula da shi. Shi ya sa kuma ake yi wa mai ciki allurar sarƙe-haƙora a wurin awo. Idan ƙwayar cutar ta shiga ta cibiya, ta hanyar reza mai datti ko abin da aka shafa wa cibiyar, sai ta tarar garkuwar uwa ta riga ta isa.

Bayan haihuwa sai nono ya ci gaba da aikin. Dakashi, ruwan nan mai kauri, rawaya, na kwanakin farko, shi ya fi kowane nono garkuwa. Yana lulluɓe maƙogwaro da hanjin jariri, ya tare ƙwayoyin gudawa. Har yanzu a wasu gidaje akan tatse shi a zubar, wai ba shi da kyau, a ɗura wa yaro ruwa ko madarar dabba. Wannan babbar hasara ce, kuma kakanni da ungozomomi su ne za su iya hana ta. Lalle ne a sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwa, a kuma ba shi nono zalla har wata 6.

Amma fa garkuwar cikin jini aro ce, jikin yaro bai koyi ƙera ta ba. Tana raguwa wata bayan wata har ta ƙare. Domin haka aka sa allurar ƙyanda a wata 9, lokacin da ta uwa ta ja baya, ba za ta hana allurar kamawa ba, sa'an nan ta biyu a wata 15.

A Birnin Tarayya, daga Bwari har Abaji, ana yin waɗannan allurai kyauta a asibitocin gwamnati. A riƙa zuwa da katin yaro kowace tafiya.