Matsayin Mai Tafiya a Ƙasa a Fasalin Titin Filin Jirgin Sama na Abuja

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda faɗaɗa titi kan magance wata matsala ya kuma haifar da wata. Za a ɗauki titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya haɗa birnin Abuja da filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, a matsayin misali.

2.0 Asalin Matsalar

Taswirar Abuja ta 1979 ta tanadi manyan tituna domin motoci su yi gudu ba tsayawa. Amma tun da aka mayar da mazaunin gwamnati daga Legas a 1991, tsadar gidaje a tsakiyar birni ta tura ma'aikata zuwa unguwannin gefe irin su Lugbe. Da cunkoso ya tsananta, sai aka ba da kwangilar faɗaɗa titin zuwa layi goma a 2009. Cunkoso ya ragu, sai dai titin ya raba al'umma gida biyu. Mutum kan kwana a wannan ɓangare, alhali kasuwarsa ko makarantar 'ya'yansa tana wancan.

An gina gadojin masu tafiya a ƙasa, amma duk inda gada ta yi nisa da matsayar mota, jama'a kan gwammace su tsallaka titi a guje. Tsoho da gurgu da mai ɗauke da kaya kuwa, hawan matakala ma wahala ne a gare su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yakan ninka sau huɗu da rabi idan gudu ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a sa'a.

3.0 Hanyoyin Gyara

(i) A kafa gada daidai inda jama'a suka saba tsallakawa, a yi mata gangara da fitilu.
(ii) A rage gudu a layukan gefe, a keɓe wa motocin haya matsaya.
(iii) A tanadar wa 'yan tireda wurin sana'a, don kada su toshe gada.
(iv) A tuntuɓi mazauna unguwa cikin harsunan da suke ji kafin a zana taswira.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa tsallaka titi ba taurin kai ba ne kawai, har da gazawar fasali. Saboda haka, ma'aunin nagartar titin shi ne ɗan makarantar Lugbe ya je ya dawo lafiya.