Motar da Kuɗi Suka Kasa Saya, Ga Ta a Tafin Hannu

Duk wanda ya taɓa jiran mota a bakin titin Nima ko Maamobi ba ya buƙatar a gabatar masa da Benz, domin bas ɗin nan 207 ta daɗe tana jigilar jama'a da kayansu tsakanin Accra, Kumasi da garuruwan arewa. To amma, ya ku masu karatu, akwai wata Benz wadda ba ta taɓa ɗaukar fasinja ba, ba a kuma taɓa sayar da ita ga kowa ba, ko a Jamus inda aka ƙera ta. Sunanta C111. Duk da haka ta shiga gidaje masu ɗimbin yawa a duniya, sai dai a ƙaramar siffa da ba ta wuce tsawon tafin hannu ba.

Irin waɗannan motoci su ake kira motocin gwaji, wato waɗanda kamfani ke ƙerawa don ya gwada sabon tunani, ya kuma ga yadda jama'a za su karɓe shi. An nuna C111 a bajekolin motoci na birnin Frankfurt a shekarar 1969. Gajera ce ƙwarai, tsayinta daga ƙasa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, ƙofofinta kuwa sama suke buɗewa kamar fukafukan tsuntsu, kuma an fi saninta da launin ruwan lemo. Abin da ya fi jan hankalin makanikai shi ne injinta, irin wanda Felix Wankel ya ƙirƙiro: babu fistin mai hawa da sauka, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki. Ta biyu, wadda aka nuna a Geneva a 1970, tana kai gudun kilomita 300 a awa guda. Attajirai suka riƙa aika wa kamfanin takardun cek ba tare da rubuta adadi ba, don ya cika da kansa. Kamfanin ya ƙi. Injin yana shan mai fiye da kima, dokokin hayaƙi suna ƙara tsanani, sannan ga rikicin man fetur na 1973. Daga baya aka sa mata injin dizal, aka kai ta filin gwaji na Nardò a Italiya a 1976, ta kafa tarihi a gudu. Ta ƙarshe a jerin, a 1979, ta haura kilomita 400 a awa da injin fetur.

Abin da attajirai suka rasa, masu kayan wasa suka kawo wa yara. Corgi da Dinky na Ingila, da Solido na Faransa, da Schuco na Jamus, da Hot Wheels na Amurka, duk sun fitar da tasu C111. Aikin zubi ne, ɗan'uwan wanda masu zuba tukwanen alminiyam ke yi a unguwanninmu. Bambancin shi ne su can mazubinsu na ƙarfe ne, ba na ƙasa ba, kuma da ƙarfin inji ake tura narkakken ƙarfen ciki, shi ya sa har zanen ƙofa da fitila ke fitowa tsaf. Ƙarfen kuwa mafi yawansa tutiya ce, an gauraya ta da ɗan alminiyam da jan ƙarfe. Wannan ne ya sa motar zubi ta fi ta roba nauyi, ta kuma fi ta sanyi a hannu.

Lambobin da ake gani a ƙarƙashinta, kamar 1:43, ma'auni ne. Ma'anarsa, kowane santimita 43 na babbar mota an mayar da shi santimita 1. C111 ta ɗan haura mita 4, saboda haka a wannan ma'auni za ta zo wajen santimita 10. A 1:18 ta kusa santimita 25. A 1:64 kuwa, wato girman Matchbox da Majorette, wajen santimita 7. Hasali ma, uban da ya zauna da ɗansa da abin awo suka yi wannan lissafi, ya koyar da darasin rabawa ba tare da yaron ya ankara ba.

A Accra, mai neman tsofaffin irin waɗannan sai ya haɗa da haƙuri. Sababbi suna nan a manyan kantuna, amma tsofaffi cikin kayan gwanjo suke shigowa, a cakuɗe da 'yan tsana da jakunkunan makaranta, a Kantamanto da wajen masu shimfiɗa kaya a ƙasa, har da kasuwar Nima ranar Laraba. Gobarar da ta cinye babban ɓangaren Kantamanto a watan Janairun 2025 ta jawo wa 'yan kasuwa asara mai yawa, ko da yake sun sake gina rumfunansu. Ba kullum ake dacewa ba; mutum na iya juya ɗari bai ga wadda yake nema ba. Shawararmu ita ce a riƙa kifar da motar a karanta ƙarƙashinta. Idan tsohon suna ne kamar Lesney, masu Matchbox da suka fara ta a Landan a 1953 suka kuma durƙushe a 1982, ko Dinky, wadda masana'antarta ta Liverpool ta rufe a 1979, to abin da ke hannu ya kwana biyu. Sai dai a kula, shekarar da ke rubuce a ƙasa galibi ta fitar da samfurin ce, ba ta ƙera wannan ɗin ba. Da yawa an ruɗe su a nan.

Mun ji ana yaɗa wa matasa a intanet cewa wannan hanyar arziki ce. Gaskiya ne akwai 'yan ƙalilan da darajarsu ta kai dubban daloli, amma waɗannan ko dai samfurin gwaji ne da bai shiga kasuwa ba, ko kuwa waɗanda ba su taɓa fita daga kwalinsu na asali ba. Wadda ta sha ja a tsakar gida, fenti ya goge, taya ɗaya ta ɓace, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma mafi yawan abin da gwanjo ke kawo mana ke nan. Wanda zai tara, ya tara don yana so, da abin da ya rage bayan cefane da kuɗin makaranta.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi muhimmanci ga iyaye mata. Sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai dalma a kayan wasan yara, saboda haka motar da ta girmi wannan lokaci tana iya ɗauke da shi. Mun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito, dafin ɗaya ne, kuma ƙaramin yaro komai baki yake kaiwa. Ga ƙananan tayoyi da ke iya maƙalewa a wuya. Tsohuwar mota ta ajiya ce da kallo, kada a bar ta hannun wanda bai kai shekara 3 ba. Wajen ajiyar ma, iskar teku tana sa gatarin tayoyin tsatsa, rana tana kashe launi, ruwan damina kuwa ya san hanyar ɗakunanmu. Kabad ɗin da uwargida ke jera kwanuka ya wadatar, in dai za ta yarda ta ba da gurbi.

Ba za mu rufe ba sai mun ambaci namu. Kafin motocin zubi su yawaita, yaran Zango da kansu suke ƙera motocinsu da gwangwanin madara da na sadin, su yanko tayoyi daga tsohon silifas, su haɗa da doguwar sanda ta tuƙi. Kowace da fasalinta, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta, kuma a ganinmu su ma motocin gwaji ne. Yanzu sun yi ƙaranci a lungunan Nima, wayar hannu ta ɗauke hankalin yara. Manya kuwa ba su daina ba: a 2013 makanikan Suame Magazine da ke Kumasi, tare da wasu 'yan Holand biyu, sun haɗa mota sukutum daga tsofaffin sassa cikin kimanin wata uku, suka sa mata suna Turtle 1, wato kunkuru, aka kuma ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Turai don a nuna ta.