Kwaɗo Mai Ƙaho da Ladubban Gina Masa Mazauni

A cikin halittun da mutanen Turai da Amurka da Japan suke ajiyewa a ɗakunansu domin sha'awa da nazari, akwai wani kwaɗo ɗan asalin Kudancin Amurka, mai kewayayyen jiki da baki mai faɗin gaske, wanda fatar da ke bisa idanunsa ta tashi ta yi tsini har ta yi kama da ƙahonni biyu, alhali babu ƙashi a cikinta. Masana ilmin dabbobi suna kiran jinsinsa Ceratophrys, kuma nau'i biyu daga cikinsa ne suka fi shahara wurin masu kiwo. Na farko, wato ornata, mazaunin filayen ciyawa ne na Ajantina da Yurugwai da kudancin Birazil, kuma wani masani Bature, Thomas Bell, shi ya siffanta shi a shekarar 1843. Na biyu, wato cranwelli, wanda ba a tantance shi da suna nasa ba sai a 1980, yana zaune ne a Gran Chaco, wani makeken daji mai ƙaya da tsawon rani da ya ratsa Ajantina da Faragwai da Bolibiya. 'Yan kasuwa kan laƙaba musu sunan Pac-Man, saboda kamar da suka yi da dodon nan mai haɗiya na wasan kwamfuta.

Wanda duk yake nufin ya gina wa wannan halitta mazauni, wajibi ne ya fara sanin ɗabi'arta, domin daga ɗabi'a ake ciro dukkan ƙa'idojin ginin. Shi wannan kwaɗo ba mai yawo ba ne, ba mai hawa ba ne, kuma bai iya ninkaya sosai ba. Sana'arsa kwanton ɓauna: yakan tona ƙasa da ƙafafunsa na baya, ya nutse har ya rage idanu da ƙoƙon kai kaɗai, ya dawwama a haka kwana da kwanaki ba motsi, har Allah Ya koro masa ƙwaro ko ɓera ko ƙadangare ko wani kwaɗon, sa'an nan ya zabura ya cafke shi da harshe mai danƙo da muƙamuƙi mai ƙarfi. Macen ta fi namiji girma, takan kai santimita 12 ko fiye, kuma idan kulawa ta inganta kwaɗon yakan rayu shekara goma a hannun mutum, wani ma ya zarce.

Shi kuwa akwatin gilashin da ake rayar da tsirrai da ƙananan dabbobi a ciki, asalinsa yana komawa ga wani likita na birnin Landan, Nathaniel Ward, wanda a 1829 ya lura cewa tsiro ya fito ya rayu a cikin rufaffiyar kwalba, domin ruwan da ya tashi daga ƙasa yakan taru a jikin gilashin ya sake gangarowa. Hikimar da masu kiwon kwaɗi suka gada daga gare shi ita ce, ana iya tsare laima da ɗumi a ƙaramin wuri, har a kwaikwayi yanayin wata ƙasa mai nisa. Sai dai dabba tana numfashi tana kuma yin bayan gida, saboda haka nata akwatin lalle ne ya sami murfi mai raga, wanda iska za ta riƙa ratsawa.

Tun da kwaɗon ba ya hawa, faɗin akwati ya fi tsayinsa muhimmanci. Wanda ke cin lita 40 shi ne mafi ƙanƙanta da ya dace da babba guda, kuma mai lita 75 ya fi alheri, musamman ga mace. Sharaɗi mafi girma a nan shi ne kaɗaici, gama wannan halitta ba ta san zumunci ba, duk abin da ya motsa a gabanta kuma ya yi daidai da bakinta abinci ne, ko da ɗan'uwanta ne na jini. Wanda ya haɗa biyu a wuri guda don tausayin kada kewa ta dame su, watarana zai wayi gari ya tarar da ɗaya.

Bayan akwati sai shimfiɗa, wadda ita ce ainihin gidan, tun da a cikinta yake yini yake kwana. Abin da aka fi amfani da shi shi ne niƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa, ko kuwa ƙasa mai laushi wadda ba a taɓa zuba mata takin zamani ko maganin ƙwari ba, a zuba ta kai zurfin santimita 8 zuwa 10, yadda zai iya binne kansa ɗungum. Ma'aunin jiƙarta a tafin hannu yake: idan aka dunƙula ta haɗe ba tare da ruwa ya tsiyaya ba, ta yi daidai. A nisanci tsakuwa da gutsattsarin itace, domin sa'ad da ya kai cafka ba ya bambanta abinci da abin da ke kusa da abinci, kuma tsakuwar da ya haɗiye tana iya toshe masa hanji ta halaka shi. A ɗora busassun ganyaye a sama, a kafa wani ɓawon itace mai lanƙwasa da zai fake a ƙarƙashinsa, in kuma ana son tsiro mai rai, a bar shi cikin tukunyarsa don kada tono ya tumɓuke saiwarsa.

Sha'anin ruwa yana da sirrin da yawancin mutane ba su sani ba, shi ne cewa kwaɗo ba ya sha da baki, fatar cikinsa da ta cinyoyinsa ce take tsotse ruwa idan ya zauna a ciki. Ma'anar wannan ita ce, duk abin da ya narke a ruwan, mai amfani ne ko mai cutarwa, kai tsaye yake shiga jininsa. Don haka ruwan famfo mai sinadarin kulorin ba ya dacewa sai an kashe sinadarin da maganin da masu kiwon kifi ke amfani da shi, kuma a zuba shi a kasko marar zurfi, wanda idan kwaɗon ya zauna ruwan ba zai wuce haɓarsa ba. A sauya shi kullum, domin sau da yawa a nan yake biyan bukatarsa. Ita ma shimfiɗar, a riƙa tsince ƙazantar da ke kanta, a kuma sake ta gaba ɗaya kamar wata-wata, in ba haka ba dattin jikinsa ya koma masa guba.

Game da zafi, abin da ya dace da shi tsakanin digiri 24 ne da 28 da rana, ya ɗan sauka da dare, laimar iska kuwa tsakanin kashi 60 da 80 cikin ɗari, kuma ba a sanin waɗannan da kintace, sai da ma'auni. A ƙasashen sanyi sukan manna faifan ɗumama na lantarki a gefen gilashi, ba a ƙarƙashi ba, saboda fiɗirar kwaɗon ita ce ya nutsa ƙasa idan zafi ya dame shi, to in wutar tana ƙasa sai ya zamana yana gudu ne zuwa ga abin da yake gudu daga gare shi. Amma wanda zai ajiye shi a Kano ko Damagaram, tasa matsalar akasin wannan ce: zafin bazara da ke haura digiri 40 yana iya kashe shi, iskar hunturu kuma ta busar da shimfiɗar cikin yini guda, saboda haka sai ɗaki mafi sanyi, nesa da taga, da yayyafin ruwa safe da yamma.

Idan shimfiɗa ta bushe, wani abin al'ajabi yakan faru, wanda ya sha firgita sababbin masu kiwo. Kwaɗon yakan nutse, ya daina ci, ya yi ta saɓa ba tare da ya yar da ita ba, har fatun su taru su zama busasshen kwanso da ya lulluɓe shi, ya bar ƙofofin hanci kaɗai. Da wannan dabara nau'in cranwelli yake ƙetare ranin Gran Chaco, har ruwan farko ya sauka ya jiƙa kwanson, ya yage shi ya cinye, ya fita neman abinci da abokiyar barbara. Wanda ya ga haka kada ya yi gaggawar yanke hukuncin mutuwa, ya dai mayar da laima sannu a hankali.

Abincinsa gyare ne da tana da kyankyason kiwo, ƙarami a ba shi kusan kullum, babba kuwa sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. A riƙa barbaɗa wa abincin garin kalsiyam da bitamin D3, domin rashinsu yana sa ƙashi ya yi laushi, muƙamuƙi ya karkace. Ɓera kuwa sai jefi-jefi, saboda yawan kitsensa yana jawo ƙiba da farin tabo a ido. A miƙa masa da hantsaki mai tsawo, gama yana da haƙora a sama da wasu tsinin ƙashi a ƙasa, kuma idan ya kama yatsa ba ya saurin saki. A taƙaita ɗaukarsa, tun da gumi da mai da sabulun hannu suna cutar da fatarsa, a kuma wanke hannu bayan an taɓa shi ko kayansa, saboda ƙwayar cutar salmonela.

Shari'a ba ta bar wannan babi ba tare da haske ba. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe kwaɗo, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Mai tsare dabba ya ɗauke mata ikon neman inuwa da ruwa da abinci, saboda haka dukkansu sun koma wuyansa. Sakin kwaɗon a daji kuma idan an gaji ba mafita ba ce, domin baƙon kwaɗo yana iya kasancewa ɗauke da cutar fata da ta riga ta hallaka kwaɗi da yawa a duniya, ya kuma cinye na gida. To, wanda ya san ba zai iya riƙe wannan amana shekara goma ba, tare da ɗaukewar wuta da tafiye-tafiye da sauran uzurorin rayuwa, barin sayensa tun farko shi ne mafi aminci gare shi da kwaɗon baki ɗaya.