Nonon Uwa Bai Yi Laifi Ba: Dalilin da Sikila ke Jiran Wata Shida

Daga Ɗan Isa har Zurmi zancen ɗaya ne. Jariri ya kai wata biyar ko shida, hannuwa da ƙafafu su kumbura, ya kwana yana tsala kuka, sai a ce nonon uwar ne ya ɓaci, ko kambun baka, ko mayu. Hujjar dangin miji kuwa: ai lafiya lau aka haife shi, kowa ya gani ranar suna.

Sun gani, gaskiya ne. Amma idan amosanin jini ne, wato sikila, yaron da abinsa ya zo, rabi daga uba rabi daga uwa. Kwanciya kawai ciwon ya yi.

Ga dalilin kwanciyar. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, ta ido da ta hanta da ta ɓargo. Bambancin yana ga wanda aka kunna da wanda aka kashe, kamar gidan da waya ɗaya ta kai wa wuta amma kowane ɗaki da makunninsa. Wani sashen na DNA a naɗe yake tamau a jikin furotin, ba ya karantuwa. Wani kuma furotin na musamman ne ke hawa kansa, ya buɗe shi ko ya toshe.

A cikin ciki, ɗan tayi yana yin hemogulobin irin nasa, HbF, wanda ba ya barin jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe. Bayan haihuwa sai wani furotin mai suna BCL11A ya riƙa kashe shi sannu a hankali, na manya ya karɓi aiki. Ga yaro mai SS, na manyan ne ke da aibin. Tun 1948 likitar yara Janet Watson ta lura da wannan jinkirin a New York, a 2008 kuma masu bincike a Boston suka nuna aikin BCL11A.

Magani ma ta nan ya ɓullo. Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, yana raunana BCL11A ne don HbF ya dawo. Kuɗinsa dala miliyan 2.2, saboda haka mu bar shi a nan. Namu shi ne hydroxyurea, ƙwaya mai ɗan sauƙin kuɗi da ke ƙara HbF, wadda aka gwada a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano aka ga tana kare yara masu sikila daga shanyewar jiki. Da likita ake shanta, da gwajin jini lokaci-lokaci.

Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, an yi ta tafi. Madalla. Sai dai yaran da aka riga aka haifa ba dokar aure suke jira ba. A gwada jininsu tun suna cikin zanen goyo, maganin kuma ya iso asibitocin Kaura Namoda da Shinkafi, kada sai uwa ta bi hanyar Gusau a wannan hali na tsaro.